Ramukan Kuza: Tarihin Ruwan Da Muke Kai Baƙinmu Su Gani



Duk shekara idan Sallah ta zo, washegari ko bayan kwana biyu, za ka ga samari da 'yan mata daga Anguwan Rogo da Rikkos da Gangare sun ci ado sun cika Keke, wasu gidan namun daji suka nufa, wasu kuma Rayfield, bakin ruwa. Idan muka yi baƙi daga Kano ko Zariya ko Sakkwato, can muke kai su. Su sha iska, su hau kwalekwale, a ɗauki hoto, su koma gida suna ba da labarin sanyin Jos da kyawun tafkunanta. Masu ƙarfin hali a cikin yaranmu ba su tsayawa inda ake biyan kuɗin shiga. Sukan zarce wasu kududdufan da ke bayan gari wajen Bukuru da Barikin Ladi, inda babu mai gadi, su tuɓe riga su faɗa.

Kwanakin nan ma an ƙara samun abin da ke zuga su. A waya suna ganin bidiyon masu yawon buɗe ido suna iyo a wani rami mai ruwa garai-garai a ƙasar Oman, ko a Meziko, sai ka ji yaro yana cewa ai mu ma muna da irinsa a Filato. Kama da wane ba wane ba ne. Shi ya sa muka ga ya dace mu ɗan waiwayi tarihin waɗannan ruwaye namu, domin wanda ya san yadda aka yi ramin ba zai shige shi da ganganci ba, kuma ba zai tsaya a bakinsa bai yi wa kakanninsa addu'a ba.

Bari mu fara da na waje. Ramin Bimmah na ƙasar Oman yana kan hanyar Maskat zuwa garin Sur, kusa da teku. Mutanen wurin suna kiransa Hawiyat Najm, saboda labarin da suka gada cewa tauraro ne ya faɗo ya huda ƙasa. Masana duwatsu kuwa sun ce ƙasar wurin dutsen farar ƙasa ce, irin wanda ruwa ke ci a hankali. Ruwa ya yi ta cin sa daga ƙarƙashi shekaru aru-aru har ya zama kogo, rannan rufin kogon ya rufta, ruwan ya bayyana. Haka na yankin Yukatan a Meziko suke, irin su Ik Kil da ke kusa da tsohon birnin Chichen Itza. Waɗannan ikon Allah ne, ba hannun mutum a ciki. Abin da mutum ya ƙara shi ne matakala ta sauka, da shinge, da masu kula da wurin.

Ƙasar Jos ba irin wannan ba ce. Duwatsunmu masu tauri ne, irin waɗanda muke gani a Shere da Riyom, ruwa ba ya narkar da su ya yi kogo. Akwai dai tafkin Pidong a ƙaramar hukumar Mangu, wanda ke cikin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa. Wannan halitta ce. Amma ɗaruruwan kududdufan da ke warwatse daga Rayfield zuwa Bukuru, Bisichi, Dorowa, Gana Ropp da Barikin Ladi, mutane ne suka haƙa su. Da diga da shebur da kwano aka fara, daga baya injuna suka zo suka zurfafa. Abin da ake nema kuwa shi ne kuza.

Kuza ba Bature ne ya koya mana ita ba. Tun kafin zuwan Turawa akwai masu narkar da ita a Ririwai ta ƙasar Kano da Ririwain Dalma ta ƙasar Bauchi. Sukan wanke yashin rafi su fitar da baƙin tsakin, su narka shi a matoya, su zuba shi siri-siri kamar tsinke, fatake su ɗauka su kai kasuwanni. Maƙeran fari suna amfani da ita wajen yin kayan ado da shafe tasoshin tagulla. Waɗannan tsinkayen kuzar ne Turawan kamfanin Neja suka gani a hannun 'yan kasuwa a bakin kogin Binuwai, suka fara tambayar daga ina take fitowa.

A 1902 kamfanin ya turo wani injiniya mai suna George Nicolaus, ya bi sawu har ya sami kuza a kogin Dilimi, wannan kogin dai da ya ratsa garinmu. A shekarar da ta biyo baya wani Bature, Henry Laws, ya zo da ma'aikata da sojoji, daga bisani ya kafa sansani a Naraguta. Duk ɗan Anguwan Rogo ya san Naraguta, ba ta da nisa da mu, can mazaunin dindindin na Jami'ar Jos yake a yau. A nan maƙwabtanmu aka fara wannan al'amari da ya sauya ƙasar Filato gaba ɗaya. Ba da lalama aka shiga ƙasar ba. Berom da sauran ƙabilun tsaunin sun yi turjiya, aka murƙushe su da bindiga, aka ƙona garuruwa, sannan aka buɗe wa kamfanoni hanya.

Wajen 1910 labarin kuzar Najeriya ya cika birnin Landan. Kamfanoni barkatai suka kafu, kowa na rige-rigen yankar fili. Matsalarsu ta farko ita ce hanya. Kafin jirgin ƙasa, a ka ake ɗaukar buhunan kuza daga tsaunin nan har zuwa Loko a bakin Binuwai, tafiyar kwanaki masu yawa a ƙasa. Don haka aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya, wanda ya iso Jos da Bukuru a 1914. A 1927 babban layin da ya taso daga Fatakwal ya iso ta Kafanchan. Ƙaramin layin Zariya an rufe shi a 1957, wasu daga cikin kawunan jiragensa suna nan ajiye a harabar gidan tarihi na Jos ga mai son gani. Su kuwa masu narkar da kuza na gargajiya, dokokin Turawa suka yi ta matse su har sana'ar ta mutu.

Matsalarsu ta biyu ita ce hannun aiki, kuma a nan labarin ya shigo gidajenmu. Turawa sun ɗora haraji da kuɗi, ba da hatsi ba. Manomi a ƙasar Kano ko Katsina ko Zazzau ko Bauchi ko Barno da ya rasa inda zai sami sulallan biya, sai ya gama girbi ya ɗaura ƙunshi ya nufo Jos cin rani. Wasu sun fito har daga ƙasar Faransa, wato Nijar da Chadi na yau, suna gudun nasu harajin da aikin tilas. Wani ya yi wata uku ya koma, wani ya yi shekara, wani kuma bai sake komawa ba. A bayan leburori sai mahauta da masu tuwo da maɗinka da wanzamai da malamai suka biyo. Barikokin ma'aikata suka zama ƙauyuka, ƙauyuka suka zama garuruwa, shi ya sa har yau sunaye irin su Barikin Ladi da Sabon Gida suke a taswirar jihar. Yarabawa da Ibo da Urhobo suka zo aikin akawu da kanikanci da kasuwanci, Tibi da sauran mutanen Binuwai suka zo aikin rami. Su ma Berom, da ƙasar noma ta ƙare musu, maza da mata suka shiga ɗaukar kwano.

Ga yadda aikin yake. Kuzar Filato ba a cikin dutse ake fasa ta ba, tana kwance ne a cikin tsakuwar tsofaffin magudanan ruwa da ƙasa ta binne. Kafin a kai gare ta sai an kwashe duk ƙasar da ke samanta. Masu diga suna sara, masu shebur suna lodi, masu kwano suna hawa da saukowa a jere tun safe har yamma, heluma yana tsaye yana ƙirga. Idan an kai ga tsakuwar, sai a zuba ta a dogon kwararo a sako ruwa. Yashi da laka su tafi, kuza da yake tana da nauyi ta kwanta. Da kuzar sama-sama ta ƙare, dole aka yi ta nutsawa ƙasa. Aka kawo famfuna masu tsotse ruwa da manyan injunan tono. Don a ba su wuta aka kafa kamfanin NESCO a 1929, yana samar da lantarki daga ruwan Kurra. Manyan kamfanoni suka haɗiye ƙanana, har ATMN ya zama uban tafiya a Bukuru da Rayfield. Ramuka suka yi faɗi, suka yi zurfin da idan ka tsaya a baki mutanen da ke ƙasa sai ka gan su kamar yara.

Hausawa suka ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Muddin ana aiki a rami, famfo na zuƙe ruwan da ke ɓuɓɓugowa dare da rana. Ranar da kuzar ta ƙare aka kwashe famfo aka koma gaba, ruwan ƙasa ya taso, na damina ya sauko, rami ya cika. Asalin tafkunanmu ke nan.

Lokacin da ya fi kowane muni a wannan tarihi shi ne na Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila, kuma Malaya ce kan gaba wajen samar da kuza a duniya a lokacin. Ana buƙatar kuza don gwangwanin abincin soja da haɗa kayan yaƙi, sai idanu suka dawo kan Jos. Gwamnatin mulkin mallaka ta sa dokar aikin tilas, ta yanka wa kowace lardi adadin mutanen da za ta kawo, ta bi ta hannun En'e da hakimai da dagatai. Dattawa suna kiran abin ɗiban gwamna. Tsakanin 1942 da 1944 an ɗebo mutum kimanin 100,000. A 1943 kuzar da aka fitar ta haura tan 17,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, ba a kuma sake kaiwa ba.

Ku yi tunanin mutumin da aka ɗauko daga zafin Sakkwato da riga ɗaya, aka sauke shi a tudun da ya kai mita 1,200 a sama da teku, cikin hunturu ko tsakiyar damina, ya wuni tsaye a cikin ruwa, ya kwana a bukkar da ke yoyo, abinci kuma ba ya isa. Ciwon haƙarƙari da gudawa da sauran cututtuka sun kashe mutane da yawa. Dubbai suka gudu da ƙafa suka nufi gida. Maganar ta kai har majalisar dokokin Ingila, a 1944 aka soke dokar. Wani masanin tarihi, Bill Freund, ya rubuta littafi sukutum a kan jari da ƙwadago a ramukan kuzar Najeriya, ya fito a 1981. Ya kamata ɗalibanmu da ke jami'a su neme shi a laburare.

Wani abin mamaki ya fito daga cikin ramukan nan. A 1928 masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yau, suka tono wani ɗan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu. A 1943 aka kai wa wani jami'in mulki mai ilimin kayan tarihi, Bernard Fagg, wani kan yumɓu da aka samu a wajen Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonarsa don korar tsuntsaye. Daga nan duniya ta san al'adar Nok, mutanen da suka rayu a wannan yanki fiye da shekara 2,000 da suka wuce, suna narkar da ƙarfe. Fagg ne ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Leburorin da suka tsinto waɗannan kaya da hannunsu, ba a rubuta sunan mafi yawansu ba.

Bayan yaƙi kasuwa ta sake tashi. A farkon shekarun 1950 Amurka ta shiga sayen kwalambait, wani ma'adini da ake samu tare da kuza wanda a da zubar da shi ake yi, ana sa shi a ƙarfen injin jirgin sama. Najeriya ce ta riƙa samar da mafi yawan wanda duniya ke amfani da shi, har aka koma ana sake wanke tsofaffin tarin ƙasa. A farkon shekarun 1960 aka buɗe masana'antar narka kuza ta Makeri. Amma daga nan abin ya fara ja da baya. Kuzar da ke kusa ta ƙare, wadda ta rage tana da zurfi da tsada. Man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati. A 1972 aka yi dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa, aka kuma kafa hukumar haƙar ma'adinai ta ƙasa mai hedikwata a Jos, Turawa suka yi ta tattara nasu ya nasu. A watan Oktoban 1985 ƙungiyar da ke tallafe farashin kuza a duniya ta durƙushe, farashi ya faɗi warwas. Manyan injuna suka tsaya inda suke, tsatsa ta cinye su.

Ribar ta tafi Landan, ramukan suka zauna da mu. Tun a 1946 an yi dokar da ta ce kamfani ya gyara ƙasar da ya ɓata, aka kuma kafa sashen da ya cike wasu ramuka ya dasa itatuwan turare, waɗanda har yau muke gani a jere a hanyar Bukuru da Barikin Ladi. Sai dai abin da aka gyara bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da fili mai faɗin murabba'in kilomita 300 da 'yan kai da haƙar ta lalata. Manoman Berom sun yi ta kuka a kan gonakinsu da kuɗin diyya tun shekarun 1940. Gaskiya ce da ya kamata mu riƙa faɗa wa 'ya'yanmu: su sun rasa ƙasa, kakanninmu da na wasu sun ba da ƙarfi da lafiya, kuma babu ɗaya daga cikinmu da ya ci moriyar da ta kai asarar. A garin da rikice-rikice tun daga 2001 suka raba unguwanni har yaro ya girma bai san ɗaya ɓangaren ba, wannan tarihi na cikin 'yan abubuwan da duka muka yi tarayya a kansu.

Ba za mu ce ruwan bai yi amfani ba. Da aikin kuza ya mutu, tsofaffin leburori da 'ya'yansu da yawa suka koma lambu a bakin Dilimi da gefen kududdufai. Da farko da jigo ake ban ruwa, daga baya injin ya zo. Kabeji da karas da latas da tumatir da koren wake da ake lodawa a Farin Gada zuwa Abuja da kudancin ƙasar nan, wani kaso nasu ruwan ramin kuza suka sha. Makiyaya suna shayar da dabbobi, masu bulo suna ɗiba, wasu suna kiwon kifi. Na Rayfield kuma aka gyara bakinsa ya zama wurin shaƙatawa.

Amma ruwan nan yana cin mutane, kuma kusan duk unguwa a Jos tana da gidan da aka taɓa yi wa ta'aziyyar yaron da ya tafi wanka bai dawo ba. Idan abin ya faru sai ka ji ana cewa aljanar ruwa ce ta ja shi. Rai da ajali na Allah ne, amma tarihin ramin ya isa ya bayyana mana sababi. Tafkin da Allah Ya yi galibi bakinsa a kwance yake, kana shiga yana ƙara zurfi a hankali. Ramin kuza kuwa an yanka shi ne a tsaye. Taku biyu ruwa na gwiwa, na uku babu ƙasa. Ruwan sama-sama rana ta ɗumama shi, na ƙasa kuwa sanyi ƙarara, yana iya ɗaure wa gwanin iyo jijiyar ƙafa ko ya ɗauke masa numfashi. A ƙasan akwai lallausar lakar wankin kuza da ke riƙe ƙafa, a wasu wuraren da tsofaffin ƙarafa. Ruwan ba ya nuna abin da ke cikinsa, gefen kuma yana da santsi, yana zabtarewa idan an kama shi. Ga kuma wani abin da ido ba ya gani: binciken masana ya nuna tarin yashin da aka tace kuza daga cikinsa yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin da ke cutar da jiki idan an daɗe ana cuɗanya da su, don haka bai dace yara su mai da shi wurin wasa ba, bai kuma dace a yi ginin ɗaki da shi ba.

Bambancinmu da Oman da Meziko ke nan. Su sun auna zurfin raminsu, sun yi masa matakala, sun sa masu tsaro. Namu yawancinsu ko allon gargaɗi babu.

To me ya rage mana? Na farko, iyaye da malaman Islamiyya da limamai su riƙa tunatarwa kafin kowace Sallah da kowane hutun makaranta. Wanda zai kai iyali ko baƙi bakin ruwa ya kai su inda ake da masu kula, kuma kada kowa ya hau kwalekwale ba rigar kariya. Kududdufin da babu mai gadi, a tsaya daga nesa a kalla. Mai sha'awar iyo ya koya a wurin da aka gina don haka, ko ya yi tattaki zuwa Wikki a Yankari, inda ruwan ke da ɗumi kuma ana ganin ƙasansa. Idan wani ya faɗa, kada a bi shi da tsalle, sau da yawa gawa biyu ake fitarwa. A miƙa masa sanda ko igiya, ko a jefa masa jarka rufaffiya, a yi ihu a tara jama'a.

Na biyu, mu haɗa murya da sauran al'ummomin da ke zaune kusa da ramukan, mu nemi gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su ƙidaya su, su auna su, su kafa alluna da Hausa da Turanci da harsunan yankin, su katange waɗanda ke kusa da gidaje da makarantu. Jihar da take kiran kanta gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido, wannan aikinta ne.

Na uku kuma namu ne mu kaɗai. A cikin Anguwan Rogo har yanzu akwai dattawan da suka ɗauki kwano a ƙuruciyarsu, ko suka ji labarin ɗiban gwamna daga bakin iyayensu. Kullum raguwa suke yi. Matasanmu masu waya a hannu su je su gaishe su, su zauna, su tambaye su daga wane gari aka taso, a wane bariki aka sauka, nawa ake biya a mako, wa ya mutu a can, su naɗi maganar su kawo wa ƙungiya a adana. Turawa sun rubuta nauyin kuzar da suka kwasa tan bayan tan. Sunayen waɗanda suka haƙo ta kuwa, idan ba mu muka rubuta ba, babu mai rubutawa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka kwanta dama a barikokin kuza, Ya gafarta wa yaranmu da ruwa ya ci, Ya tsare mana na baya, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Amin.